Magdalene Yamusa, Wadda Ba Ta Kunna Kyamara Sai Ta Sha Ruwan Gida

Kafin masu shayi su gama hura wuta a bakin kasuwar Dutse Alhaji, Magdalene Yamusa ta riga ta fito titi. Atamfa a jiki, silifa a ƙafa, takalmin shiga sitidiyo a cikin leda, jaka a kafaɗa. Kullum a kafaɗa. Ita 'yar Gbagyi ce, matansu kuwa ba sa ɗora kaya a ka. Na taɓa tsokanarta a kan haka, ta ce mini, "Baba Yelwa, kai ya isa da kayan da ke cikinsa, kar a ƙara masa na waje."

Tana da damar a aiko mata mota har ƙofar gida, amma bas take shiga. A nan take matsuwa da ma'aikatan Kubwa da na Dutse masu sammakon shiga gari, wannan na riƙe da kwanon abinci, wancan na gyangyaɗi da kati rataye a wuya. Duk kwandastocin hanyar sun san ta.

"Anti Labarai, yau me za ki gaya mana?"

"Abin da kuka gaya mini a motar nan. Sai ku kula da bakinku."

Haka ta yi sama da shekara ashirin. Da rana tana yawon ɗauko rahoto, ƙarfe bakwai na yamma kuma ta zauna gaban kyamara ta karanta labaran Hausa. A watan nan ta ajiye aiki, na zuba ido ko wani zai rubuta ko layi ɗaya a kanta, shiru. To ni zan rubuta. Ni ne direban da ya daɗe yana tuƙa motar sashen labarai kafin gwiwa ta ce in koma gida, abin da zan faɗa da idona na gani. Ba zan kama sunan gidan talabijin ɗin ba. Kar wani ya ɗauka tsoro ne. Sun san kansu, ni kuma ba zan yi musu talla a kyauta ba.

Magdalene tana da wata hanya ta aiki da ban ga kowa da ita ba. Duk inda muka je, ba ta bari a kunna kyamara a ƙofar mutum sai ta yi sallama, ta nemi wuri ta zauna, ta ce a ba ta ruwa. Ba na gora take nufi ba, ba na leda ba. Wanda masu gidan ke sha, daga randarsu, a kofinsu. Sai ta sha ta ce an gode, sannan ta waiwayi Nababa, mai ɗaukar hoton da suka daɗe tare, ta ce ya kafa kayansa.

Nababa mutum ne mai gaggawa. Kullum yana duban sama yana mita.

"Anti, rana za ta juya fa, haske zai lalace."

"Bar ta ta juya. Ba ita na zo yi wa tambaya ba."

Wata rana a mota na tambaye ta dalili. Ta ce a gidan kakarta ta taso, kuma a wurinsu wanda ya sha ruwan gidanka ya zama baƙonka, ba ka yi masa ƙarya. Shi ma idan ya fita ba ya zuwa ya yi ƙarya a kanka. Ta ce, "Baba, kyamara tana sa mutum ya gyara fuska ya gyara magana. Idan na sha ruwansa, na ɗaure shi, na ɗaure kaina."

Ba a banza ta sha wannan ruwa ba, taifot ya sha kwantar da ita. Akwai likitan da ya gaji da ganinta, ya ce, "Madam, ke 'yar jarida ce ko mai gwajin rijiyoyi?" Da azumi kuwa, ita Kirista ce, amma ba ta taɓa sha a gaban mai azumi ba. Za ta karɓi kofin hannu biyu, ta zaga bayan mota ta sha, ta dawo da shi.

Na ga amfanin abin a Durumi, ranar da katafila ta shiga wata unguwa. 'Yan jarida sun yi cincirindo a kan wata mata mai suna Clara, tana zaune kan katifarta a tsakiyar ɓaraguzai, kowa na tura mata makirufo a baki yana tambayar yaya take ji. Ko kallonsu ba ta yi ba. Da suka gaji suka watse, Magdalene ta jawo bulo ta zauna kusa da ita, ta ce, "'Yar'uwa, ki ba ni ruwa in sha."

Matar ta ɗago ta dube ta kamar ta ga mahaukaciya. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Ruwa? Randa na yana ƙarƙashin bango can." Amma ta tashi. Ta tona ta tona har ta samo wata buta da ɗan ruwa a ciki, ta ɗauraye murfin kwano ta zuba mata. Tana miƙa wannan ruwa ta koma matar gida, ko da gidan babu. Daga nan ta buɗe baki. Maganar da ta yi ran nan ita aka yi ta maimaitawa a motocin Kubwa har mako ya zagayo.

Kar kuma a ce talaka kaɗai take yi wa haka. Mun je gidan wani babban mutum a Maitama da ake zargi da wata badaƙala, gari duk na jiran Magdalene ta gama da shi. Aka kawo mata lemo iri-iri a faranti, ta ce ruwa take so. Ta sha, ta yi masa tambayoyin da suka sa shi gumi a cikin sanyin na'ura, sannan ta saka amsarsa cif, ba ta yanke inda ya kare kansa ba. Washegari a bas aka yi mata ca, wai an saye ta. Ta ce, "Na sha ruwansa. Abin da ya faɗa shi zan kai muku, ba abin da kuke so ya faɗa ba."

Yanzu bari in zo kan abin da ya raba ta da kujerarta.

A bayan Dutse Alhaji, idan ka saki titin Bwari ka gangara, akwai ƙauyen manoman Gbagyi da ake kira Tungan Maɗaci. Doya da dawa suke nomawa, Musulmi da Kirista da masu bin addinin kakanni duk a tsakar gida ɗaya. Ruwansu wani rafi ne da ke fitowa daga gindin dutse. Sai wani kamfani ya samu filin wajen zai gina rukunin gidaje, ya ja katanga ta haɗiye rafin, aka bar wata 'yar kafa da mata ke bi su ɗebo. Aka yi yarjejeniya da dattawan ƙauyen: kamfani zai haƙa musu rijiyar burtsatse, ranar da famfo ya zubo da ruwa, ranar za a toshe kafar. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Aka sa ranar buɗe famfo. Rumfuna, kujerun roba, makaɗa, manya da manyan riguna, mu ma muka je. Ga tanki sabo fil a kan ƙarafa, an shafa masa fenti. Aka yanke kintinkiri, aka murɗa famfo, ruwa ya ɓalle da ƙarfi, aka yi tafi, wani babba ya tara hannu ya wanke fuska don masu hoto. Da yake taron ya kai kusan magariba, aka ce labarin sai a labaran gobe.

Ana cikin rabon shinkafa Magdalene ta zame, ta yafito ni, muka shiga gida mafi kusa. Wata tsohuwa muka samu, sunanta Batulu, tana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, Magdalene ta nemi ruwa. Tsohuwa ta ɗebo daga randa. Tana kurɓa ta tsaya.

"Mama, ga famfo can yana ambaliya, kika ba ni na rafi?"

Tsohuwar ta dubi ƙofa, ta rage murya, ta soma magana da yarensu. Magdalene ta ce, "Faɗa da Hausa, Mama, Baba Yelwa ma ya ji."

"Sun ce kar mu faɗa ma kowa," in ji Batulu. "Amma ke kin sha ruwa na. Wannan ruwa, mota ne ya kawo shi jiya. Tanka. Sun haƙa, sun haƙa, sun samu dutse, sun kwashe kaya sun tafi. Ba komai a ƙasa, 'yata. Sun ce in mun ɓata biki, injiniya ba zai dawo ba. In mun yi shiru, zai dawo."

Da sassafe muka koma, ni da ita da Nababa. Rumfuna sun tafi, sai ledoji da ƙasusuwan kaji. Magdalene ta murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Muka zaga wajen katanga, an toshe kafar da bulo, siminti ko bushewa bai yi ba. Can muka hango mata sun jero da robobi a kafaɗa, suna fitowa daga wani rami da masu buga bulo suka haƙa, inda ruwan sama ya taru.

Muka shiga wajen Batulu. Magdalene ta zauna, ta ce a ba ta ruwa. Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Yau ba ni da ruwa na baƙo."

"Wanda kika sha shi za ki ba ni."

"Kai, 'yata! Ko akuya sai da ya yi tunani kafin ya sha."

"Kin sha?"

"Na sha. Jikoki na ma sun sha."

"To kawo."

Ta kawo. Kamar an dama ƙasa, har da wasu 'yan abubuwa na motsi a ciki. Nababa ya kau da kai. Magdalene ta kafa kai ta sha, ta ce an gode, sannan ta ciro gorar da babu komai a ciki daga jakarta ta ce a cika mata. Nababa ya ɗauki hoton famfo da katanga da rami, ranar bai yi mitar haske ba.

Shugaban sashen labarai a lokacin shi ne Umar Farouk, mutum mai karatu da iya magana, kuma kusan tare suka fara aiki da ita. Ni na shigo da ƙafar kyamara ofishinsa, don haka na ji komai. Ya kalli hoton Nababa har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido.

"Madam Magdalene, kin san wa ke ɗaukar nauyin labaran ƙarfe bakwai?"

"Na sani, oga. Kamfanin ne."

"To madalla. A ajiye wannan tukuna, mu bincika, mu ji ta bakinsu."

"Na kira su. Sun ce ruwa na zuba."

"Shi ke nan, ai kin ji ta bakinsu."

"To a sa duka biyu, nasu da na ƙauye. Ko a cire labarin gaba ɗaya. Ko kuma a ba wani ya karanta, ni in ce ba ni da lafiya. Ba ma ƙarya zan yi ba, cikina ya fara."

Ya girgiza kai. "Ke suka ce. Muryarki mutane suka yarda da ita, shi ya sa suke so ta fito daga bakinki. Ba ni kaɗai ba ne a gidan nan, akwai masu iyali a bayana. Ki karanta abin da ke kan allo, layi ɗaya ne. In kuwa kika kauce masa, wallahi kin bar kujerar nan ke nan, ko ni ba zan iya mayar da ke ba."

Ta ce, "Na ji, oga." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ƙarfe bakwai muna ɗakin direbobi, mun kewaye ɗan talabijin ɗinmu mai layi a tsakiya. Ta fito tsaf kamar kullum, ɗankwali a ɗaure, murya a kwance. Ta karanta labarin majalisa, ta karanta na farashin taki. Sai aka sako hoton biki, ga ruwa na ambaliya, ga babba na wanke fuska. Aka dawo kanta. Layin da za ta karanta yana gudana a allon da ke gabanta. Ta dube shi, sai ta sunkuya ta ɗauko kofin gilashi daga ƙarƙashin tebur ta ajiye a gabanta. Ruwan Batulu ne a ciki.

"Masu kallonmu," in ji ta, "an rubuta mini in ce mutanen Tungan Maɗaci sun rabu da ƙishirwa. Ruwan da kuka gani yanzu tanka ce ta kai shi. Da safen nan na koma, famfo ba ya zuba, an kuma toshe musu hanyar rafi. Ga abin da suka sha yau, su da jikokinsu. Ni ma shi aka ba ni."

Ta ɗaga kofin ta kurɓa, kai tsaye, a gaban duk wanda ya kunna tashar.

Daga baya Nababa ya ba mu labarin yadda oga ya dinga ihu a ɗakin sarrafa hoto, "A yanke! A sa talla!" Aka sa. Wace talla ce a layi? Ta kamfanin. Gidaje farare, ciyawa shar, da tafkin wanka ruwa na tsiri sama. Ɗakin direbobi ya kaure, wani har da faɗowa daga benci. Ni ban yi dariya ba, don na san abin da ta ajiye a kan teburin nan tare da kofin.

Ta fito ta mayar da silifanta. Oga ya tare ta a baranda.

"Kin kashe kanki, Magdalene."

"A'a, oga. Ciki ne kawai zai yi ciwo, shi kuwa ya saba."

Ba su kore ta ba, sun fi haka wayo. Suka tura ta ɗakin ajiyar tsofaffin kaset a ƙasan bene, inda babu taga, sai ƙura da fanka mai kuka. Lissafinsu shi ne za ta ji kunya ta tafi da kanta. Ba su san ta ba. Kullum ta shigo bas ɗinta, ta gaishe da masu gadi, ta sauka ƙasa ta yi ta jera kaset. Shekaru tana nan, fuskarta ba ta sake fitowa a talabijin ba. Tashoshin da ke yi mata tayi a da, kowa ya ɗauke kai, ba mai son mai karanta labarai da ke zuwa da nata kofin. A bas kwandasta ya tambaye ta, "Anti Labarai, ina kika shiga?" Ta ce, "Ina nan. Wurin zama kawai aka canza mini."

Na ji maganganu da yawa tun daga lokacin, yau zan ba da amsa. Masu cewa ta karya ƙa'idar aiki, wai mai karanta labarai ba ya kauce wa allo: ta kawo muku hanya har uku a ofis, kun toshe su kamar yadda aka toshe kafar katanga. Wace ƙa'ida ce ta ce a ɗauki muryar da jama'a suka amince da ita a rufe bakin rafi da ita? Masu cewa suna ta nema: wane suna ake samu a ƙasan bene? Masu cewa taurin kai ne irin na mutanensu Gbagyi, ku sake faɗa da ƙarfi in ji, don mutanen nan su suka matsa aka gina garin da kuke zaune a ciki kuna zaginsu. Ban ce Umar Farouk mugu ba ne. Na tuƙa manya da yawa, na san yawancinsu ba mugunta ke tura su ba, tsoro ne. Amma ranar nan su biyu aka sa wa abu ɗaya a gaba, kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka.

Ke ce, Magdalene, kika zauna a kan bulo a Durumi lokacin da kowa ke tsaye a kan Clara. Ke ce aka zaga a bas saboda kin yi wa mai kuɗi adalci, aka kuma tura ƙasan bene saboda kin yi wa talaka. Ke ce kika san layi ɗaya ne kawai, numfashi ɗaya ya ishe shi, ba wanda zai kama ki, kika ƙi. 'Yar Yamusa mai kaya a kafaɗa, kin bar kanki a sake don ya yi miki aiki, ya kuwa yi.

Shi kuma rafin fa? Wasu sun ɗauki maganarta a waya daga talabijin, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Kamfani ya ce makirci ne na 'yan hassada. Mutane suka riƙa tsayawa a ofishin sayar da gidajensu suna tambaya ko su ma tanka ce za ta riƙa cika musu tafki. Kafin damina ta ƙare, wata safiya magina suka zo suka fasa katanga, suka buɗe ƙofa 'yar siririya, daidai faɗin mace da roba a kafaɗa. Ba rumfa, ba makaɗa, ba kintinkiri. Ba tashar da ta ɗauki labarin, har da tamu. Injiniya bai dawo ba har yau. Tankin na nan kan ƙarafansa, fenti ya ɓare, hankaki ke hutawa a kai. Amma mata na ɗebo ruwan gindin dutse.

Ranar da ta ajiye aiki na sa babbar rigata na taho daga Kubwa, na ɗauka za a yi ɗan taro. Ba ko kujera ɗaya. Ta fito daga ƙasan bene da kwalin kayanta a kafaɗa, Nababa na biye da ita, sai muka ji hayaniya a bakin get. Mata ne na Tungan Maɗaci, sun cika bas sun zo, Batulu a gaba tana dogara sanda, wata a bayanta da ƙwarya a kafaɗa an rufe da faifai. Mai gadi ya tare su.

"Mama, ina za ku? Kuna da alƙawari da wani?"

"Muna da shi tun kana shan nono," in ji Batulu. "Matsa, ɗana."

Magdalene ta ajiye kwalin ta fito waje. Tsohuwar ta sa aka sauke ƙwarya, ta buɗe da hannunta. Ruwa garau, kana ganin gindin ƙwaryar.

"Ranar nan na ba ki ruwa na kunya," in ji ta. "Tun lokacin yana nan a wuya na. Yau ga ruwa na baƙo."

Magdalene ta durƙusa a kan kwalta, a gaban masu gadi da masu wucewa, ta karɓa hannu biyu ta sha. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta hangi Umar Farouk a tagar bene yana kallo. Ta ɗaga masa ƙwaryar.

"Oga! Sauko ka sha, wannan ba ya sa ciwon ciki!"

Labule ya motsa, ya rufe. Bai sauko ba.

Wadda ta sauko ita ce Nabilah, matashiyar da ke zaune a kujerar labaran ƙarfe bakwai yanzu. An riga an yi mata kwalliyar shiga sitidiyo, ɗan abin sauraro na maƙale a kunnenta. Ta tsaya tana murza yatsu.

"Anti, zan iya sha?"

Magdalene ta dube ta sama da ƙasa. "Ba ni za ki tambaya ba, ga mai ruwa nan. Amma ki sani, in kin sha, kin sha ke nan. Ana kallonki ta taga."

Nabilah ba ta waiwayi tagar ba. Ta durƙusa gaban Batulu ta ce, "Mama, ki ba ni ruwa." Tsohuwar ta miƙa mata. Jan bakinta ya fito a gefen ƙwaryar.

Mun gode, Magdalene. Clara ta gode, Batulu da jikokinta sun gode, mu da muka zauna gaban talabijin muka yarda da ke ba ki ba mu kunya ba, mun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya huta da wannan ciki da ya sha wahala saboda mu. Ba su yi miki rumfa ba, kar ki damu, kin ga abin da ake yi a ƙarƙashin rumfa.

Ku kuma yaranmu masu ɗaukar makirufo, ba na ce ku je ku kwaso taifot ba. Amma kafin ku kunna wa mutum fitila a fuska, ku yi sallama, ku zauna, ku nemi abin da yake sha, ku leƙa cikin kofin da kyau. Ranar da aka miƙo muku layi ɗaya aka ce ku karanta a kansa, ku tuna kun sha.